Ƙanƙara a tsakiyar bazara, daga ina take fitowa?

Ɗan Jega: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Jiya bayan la'asar an yi mana ruwa a nan gefen Jega, ruwan kirki na farko a bana, amma da ƙanƙara ya zo. Tun hantsi ake zafi irin wanda ko a inuwa mutum zufa yake yi, wayata ta nuna digiri 41 da azahar. Can sai gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso da ƙura, kafin a gama kwashe shanya sai muka ji kamar ana watsa tsakuwa a kan kwano. Yara suka fita suna tsinta suna jefawa a baki. Wadda na ɗauka ta kusa girman ƙwallon dabino. Ƙanena da ke aji biyu a sakandare ya ce mini, Yaya, firiza ma sai wuta ta kwana kafin ruwa ya daskare, to me ya daskarar da wannan cikin wannan zafi? Na ce masa ikon Allah ne. Ya ce ya san ikon Allah ne, ta yaya abin yake faruwa yake tambaya. Na yi masa alkawarin zan kawo maganar nan.

Baba Mai Shinkafa: Wa alaikumus salam. Ɗana, wagga ƙanƙara ba baƙuwa ba ce garemu. Tun muna yara mun san ruwan bazara shi ka zuwa da ita, da wuya ka gan ta cikin marka. Kuma ka lura, ranar da anka yi zahi har iska ta ɗauke, ganye ko motsi bai yi, ranan ce hadari ka tahowa da hushi. Dalili dai sai 'yan boko su hwaɗa muna. Ni abin da yad dame ni shinkahwar rani da munka yanke nan Suru, tana shanye a masussuka.

Malamin Jogarafi: Allah ya tsare muku ita, Baba. Ɗan Jega, ka gaya wa ƙanenka tambayarsa ta yi kyau. Abu na farko da zai riƙe shi ne zafin nan da muke sha a ƙasa yake. Sama sanyi gare ta. A ƙiyasi, duk kilomita ɗaya da aka hau zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5, kuma a rana irin ta jiya raguwar ta fi haka sauri a kusa da ƙasa, tana kusan kai digiri 10 a kilomita. Kafin a kai kilomita 5 sama da kanmu an iso inda ruwa zai iya daskarewa. Hadari irin wanda kuka gani kuwa kansa yakan kai kilomita 15. A can sanyin ya wuce digiri 60 ƙasa da sifili. Firizar gida 18 ƙasa da sifili take tsayawa. Ka ga a ranar da kuke zufa, akwai abin da ya fi firiza sanyi nesa ba kusa ba a saman kanku, tafiyar da ba ta kai daga Birnin Kebbi zuwa Jega ba.

Maman Yusra: Allah gafarta Malam, nan ne ban gane ba. Wanda ya hau sama ai rana yake kusanta. Murhu in ka matsa kusa da shi zafi ke ƙaruwa.

Malamin Jogarafi: Hajiya, rana tana nesa da mu kusan kilomita miliyan 150, hawan kilomita 10 bai rage komai a wannan tazara ba. Murhun da ke gasa mu ƙasa ce. Hasken rana yana ratsa iska ya wuce bai dumama ta sosai ba, sai ya faɗi a kan yashi da kwano da kwalta, su su ɗauki zafi, su dumama iskar da ke taɓa su. Iska mai zafi ba ta da nauyi, sai ta tashi sama. Tana hawa abin da ke danne ta yana raguwa, sai ta buɗe ta bazu, kuma duk iskar da ta bazu haka sanyi take yi. Ki tsaya wurin mai faci ranar da yake sace iskar taya, ki sa hannu a bakin bawul. Tayar ta sha rana, amma iskar da ke fita da sanyinta.

Maman Yusra: To na yarda da wannan. Ni abin da na sani a madafa shi ne in na ɗaga murfin tukunya ko na madambaci, cikinsa duk ruwa ne yana ɗiga, alhali ban zuba masa ruwa ba. Tun ina yarinya Inna take cewa hadari ma haka yake.

Malamin Jogarafi: Inna ta faɗi rabin darasin da nake kwashe mako biyu ina koyarwa. Tururi ya tashi, ya taɓa murfi mai sanyi, ya koma ruwa. Sai dai a sama babu murfi, sanyin iskar ne ke yin aikin. Ƙari ɗaya zan yi. Ainihin tururi ba a ganinsa. Ki duba bakin buta in tana tafasa, akwai ɗan fili tsakanin bakin da farin abin nan da ke tashi. Wannan filin da ba ki ganin komai shi ne tururi. Farin kuwa ya riga ya koma ruwa, ɗigo ne ƙanana ƙwarai suna yawo. Gajimare ke nan a gabanki. Kuma ba sai ruwa ya tafasa yake zama tururi ba. Wankin da kike shanyawa, gulbi, fadama, ganyen itace, zufar jikinmu, kullum ruwa na barinsu yana shiga iska a ɓoye.

Iska kuma akwai iyakar abin da take iya ɗauka, iyakar nan zafi ke yanke ta. Wurin da ya kai mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi, in iskarsa na digiri 30 zai riƙe tururi kusan giram 30. In ta huce zuwa digiri 10, giram 9 kacal. Sauran dole ya fito ya zama ruwa. Shi ya sa ledar fiyawata mai sanyi take jiƙewa ta waje da damina. Ba ledar ce ta yoyo ba, ruwan cikin iska ne ya kwanta mata. Raɓar asuba ma haka.

Maman Yusra: Wallahi kuwa. Kuma da hunturu ba ta yin wannan jiƙewar, sai yanzu na lura. Wanki ma lokacin kafin ka gama shanya na ƙarshe na farko ya bushe, amma da marka sai zani ya kwana biyu yana warin danshi.

Injiniya: Malam, a ba ni dama in sa baki kan abin da Baba ya ce na zafi da fushin hadari, don an wuce shi. Ruwa ba ya zama tururi kyauta, zafi yake ɗauka ya tafi da shi. Zafin da lita ɗaya take buƙata ta ƙone ƙurmus ta zama tururi ya ninka fiye da sau biyar wanda ake buƙata a ɗauko ta daga sanyin ƙanƙara a kai ta tafasa. Sirrin randa ke nan. Ruwa na tsatsowa ta jikin yumɓu, yana bushewa, yana jan zafin na ciki. Da wannan dabara Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. To zafin nan da tururi ya ɗauka bai ɓace ba. Ranar da tururin ya koma ruwa a cikin gajimare sai ya sake shi a can. Iskar wurin ta ƙara ɗumi fiye da ta kewayenta, ta ƙara hawa, wani tururin ya koma ruwa, ya sake sakin zafi. Hadari da kansa yake hura wutarsa. Shi ya sa za ka ga ɗan gajimare da azahar, kafin la'asar ya zama dutse. Zafin da Ɗan Jega ya sha jiya shi ne ya ɗaga ruwan har ya kai shi inda ya daskare.

Masunci daga Yauri: Salamu alaikum. Ni a kan ruwa nake kwana nake tashi. Da sanyi, in mun fita da asuba, Kwara hayaƙi take yi fari fat, ba ka ganin jirgin da ke gabanka, rana na ɗagawa sai ya tashi. Manyanmu suna cewa hadari saukowa yake ya sha ruwa a gulbi ya kai wa na tudu. Ke nan ruwan da ake yi a Jega namu ne na nan da na tafkin Kainji?

Malamin Jogarafi: Abin da kake gani da asuba gajimare ne a ƙasa. Ruwan gulbi ya fi iskar dare ɗumi, tururinsa na fita yana haɗuwa da sanyi nan take. Amma ba shi ne ke shayar da jihar nan ba. Kwara da Kainji da Gulbin Kabi suna ba da nasu, sai dai kaɗan ne in aka gwada da abin da ke sauka a damina. Tushen ruwanmu Tekun Atilantika ne, can kudu da Legas. Iskar damina ke kwaso tururinsa ta shigo da shi ƙasa. Shi ya sa Yauri da Zuru suke riga Argungu da Kangiwa samun ruwa, kuma suke fin su yawansa.

Baba Mai Shinkafa: Malam, nan kam ban yarda ba. Shekarata sittin da 'yan kai ina kallon hadari. Hadarin da ka ba da ruwa daga gabas shi ka tahowa. Kowane manomi ya san haka, ko gini anka yi ana kare bangon gabas don shi ruwa ka duka. Teku kuwa kun ce kudu take. In daga teku ruwan yat taho, mi ya kai shi gabas?

Ɗan Jega: Na jiya ma daga gabas ya taso, wajen hanyar Aliero.

Masunci daga Yauri: Baba ya yi gaskiya, mu ma gabas muke duba kafin mu shiga tsakiyar ruwa.

Ɗaliba 'yar Zuru: Baba, ina gaisuwa. Malam, ku yi mini izini, wannan fannin nake karanta. Abin da Baba ya gani daidai ne, abin da Malam ya faɗa ma daidai ne, don iskar da ke kanmu da damina hawa biyu ce. Ta ƙasa daga kudu maso yamma take zuwa, ita ce mai laima, ita ke ɗauke da tururin teku. A samanta, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai wata mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma. Hadari dogo ne, jikinsa ya ratsa har cikin ta saman, sai ta tura shi yamma. Abincinsa daga kudu yake zuwa, ƙafarsa kuwa daga gabas. Da yawa daga manyan hadarin da ke iso mu a kan tuddai ake haifarsu da rana, irin tudun Jos da duwatsun Azbin na Nijar, sai su jeru su yi layi su nufo yamma da gudun kusan kilomita 50 a awa. Wanda ya bar Gusau da la'asar zai iya isowa Birnin Kebbi cikin dare. Baba, ku tuna iskar da kuke ji a jiki kwanaki kafin ruwan fari, ta ina take zuwa?

Baba Mai Shinkafa: Ɗiyata, kin kama ni da gaskiya. In bazara ta yi nisa iska juyawa takai, ta koma tahowa daga yamma da kudu, da dare ka ji ta da sanyi-sanyi. Lokacin ne kaushin ƙahwa ka yin taushi, leɓe shi bar tsagewa, gawo shi hwara zubda ganye, sauran itace su yi toho tun ba a yi ruwa ba. Mu muna cewa damina ta aiko. Ashe ita ce mai ruwan. Amma ban taɓa haɗa ta da hadarin gabas ba sai yau.

Abu Hafsat: Ina bibiya tun ɗazu, ina da ja. An ce sanyi ke mai da tururi ruwa. To lokacin da muka fi kowane lokaci sanyi ai hunturu ne, gari ya yi fari da hazo har jirgi ya kasa sauka, amma ko ɗigo. In bayaninku gaskiya ne da a Janairu za a fi yin ruwa.

Malamin Jogarafi: Sanyi ba ya haifar da ruwan da babu shi. Iskar hunturu daga Sahara take, ta arewa maso gabas, busasshiya ce, laimarta da rana takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Hazon kuma ƙura ce, ba ruwa ba. Mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi. Ga shi kuma sanyin hunturu a ƙasa yake kwance, iska ba ta samun hawa. Tukunya ce babu ruwa a ciki, komai sanyin murfi ba abin da zai ɗiga.

Ɗaliba 'yar Zuru: Amma ƙurar tana da aiki in laima ta zo. Tururi ba ya komawa ruwa a fili haka kawai, sai ya samu abin da zai kama. Kowane ɗigo na gajimare a kan wani ɗan ƙwayar abu ya fara, ƙura ko hayaƙi ko gishirin teku, wanda ido ba ya gani.

Baba Mai Shinkafa: To ga wata. Sau nawa hadari ka haɗuwa, gari shi yi duhu, a yi tsawa, mu kwashe kaya, sannan shi baje ba ko yayyahi? In gajimare ruwa ne, mi ka riƙe shi sama?

Ɗaliba 'yar Zuru: Ƙanƙantarsa ke riƙe shi, Baba. Ɗigon gajimare faɗinsa wajen kashi 2 cikin 100 na milimita ne. Iska kaɗan mai hawa ta isa ta tallafe shi, kamar yadda garin gero ke tashi wurin sheƙa tsaba ta faɗo. Ɗigon ruwan sama na sosai wajen milimita 2 ne, sai an haɗa na gajimare kusan miliyan ɗaya kafin a samu guda. Hanyar haɗuwar biyu ce. Ta farko, wanda ya ɗan fi girma ya fara gangarowa yana karo da ƙanana yana haɗiye su. Ta biyun ita ce ta shafi ƙanƙarar jiya. Ruwa mai tsabta, in ɗigo ne ƙarami, ba lallai ya daskare a sifili ba, yakan zauna ruwa har kusan digiri 40 ƙasa da sifili. A tsakiyar hadari sai ka samu irin wannan ruwa da 'yan ƙwayoyin ƙanƙara a gauraye. Ƙanƙarar ta fi ruwan jan tururi, sai ta riƙa ƙiba su suna ramewa. Alfred Wegener na Jamus ya fara hango wannan a 1911, Tor Bergeron na Suwidin ya gina bayanin a shekarun 1930. In ta yi nauyi ta faɗo, tana wuce kilomita 5 ɗin nan da Malam ya ambata sai ta fara narkewa. Ruwan manyan hadarinmu da yawansa ƙanƙara ne a sama, narkewa ya yi a hanya. Ta jiya dai girma ta yi har hanyar ta kasa cinye ta.

Wanda ke bajewa kuma, sau da yawa ya zubar da ruwan, ƙasa ce bai iso ba. A farkon damina iskar da ke ƙarƙashin hadari busasshiya ce mai zafi, sai ta shanye ruwan tun yana sama. Za ku ga baƙin zare-zare yana saukowa daga gindin gajimare ya tsaya a rataye. Bushewar tana sanyaya iskar, ta yi nauyi ta faɗo, ita ce iskar nan mai sanyi da ƙura da ke yaye kwano ba ruwa.

Malamin Jogarafi: In ƙara a kan ƙanƙara, in aka fasa babba za a ga ta hawa-hawa kamar albasar Aliero. Iska ce ke jefa ta sama ta faɗo, ta sake jefa ta, kowane zagaye riga ɗaya.

Ɗaliba 'yar Zuru: Malam, da afuwa, haka aka daɗe ana koyarwa, amma ba sai ta yi ta hawa da sauka ba. Rigunan suna nuna irin wuraren da ta ratsa ne. Inda ruwa ya yi yawa yana daskarewa a jikinta a hankali, rigar ta fito garau. Inda sanyi ya tsananta ruwan ya yi kaɗan, nan take yake kamawa da iska a ciki, rigar ta fito fara. Ko a tafiya ɗaya za ta iya yin duka.

Malamin Jogarafi: Na karɓa, kuma zan gyara a aji. Allah ya ƙara basira.

Ɗan Jega: Ta jiya kuwa cikinta fari ne, bayanta kamar gilashi.

Ustaz: Jazakumullahu khairan. Ina so ƙanen Ɗan Jega ya buɗe Suratun Nur aya ta 43 ya karanta da kansa. Allah ya ambaci kora gajimare, da haɗa shi, da tara shi tuli, da fitar ruwa daga tsakaninsa, har da saukar ƙanƙara daga wasu duwatsu a sama. Sanin sababi ba ya rage tauhidi. Amsar yayansa ta farko daidai ce, tambayarsa ta biyu ma halal ce.

Abu Hafsat: Ustaz, bayanin yadda ruwa ke haɗuwa daban, amma masu fitowa a rediyo su ce za a yi ruwa gobe ko damina za ta fara ranar kaza fa? Ni ina ganin shisshigi ne. Kuma sau nawa suka faɗa ba a yi ba.

Ustaz: Abin da hadisi ya hana shi ne a ce tauraro kaza ne ya ba mu ruwa. Wanda ya duba alama ya ce ana sa ran ruwa in Allah ya so, bai yi da'awar gaibu ba. Baba ma ɗazu ya ce damina ta aiko, da alama ya gane. In ruwa ya ƙi, roƙon ruwa za mu fita, mu da su.

Injiniya: Kuskuren kuma yana da dalili. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, amma na yanki ne, ba na gonar mutum ba. Hadari ɗaya zai jiƙa Kalgo ya tsallake Bunza. Baba ya sha ganin ruwa ya raba gona biyu.

Abu Hafsat: Ban gamsu duka ba. In ba za a iya gaya mini na gonata ba, amfaninsa gare ni kaɗan ne. Sannan ana cewa wasu ƙasashe da jirgi suke saukar da ruwa, me ya hana a yi mana?

Ɗaliba 'yar Zuru: Ana yi, tun 1946 aka fara gwadawa a Amurka, Burkina Faso ma ta buɗe shirinta mai suna Saaga a 1998. Wani garin sinadari ake watsawa cikin gajimare don ruwan nan da ya ƙi daskarewa ya samu abin kamawa. Amma sai gajimaren yana nan da laimarsa. Ranar da sama take tas jirgi ba abin da zai yi, kuma har yau masana na jayayya kan yawan abin da yake ƙarawa.

Maman Yusra: Ni tawa damuwar itace ne. Kullum motocin gawayi ne ke wucewa ta gabanmu. In ganye na ba iska ruwa kamar yadda Malam ya ce, ba mu muke korar daminarmu ba?

Malamin Jogarafi: Ni ina ganin muna korar ta. Ruwan da ya sauka a kudu da mu, itatuwa da ciyayi ke mai da wani kasonsa sama, iska ta ƙaraso da shi nan. A sare su, an yanke tsani.

Ɗaliba 'yar Zuru: Akwai wannan, amma kada a ɗora wa gatari komai. Farin 1973 da na 1984 bincike ya fi danganta su da sauyin ɗumin tekuna, wanda ya raunana iskar damina a yankin Sahel gaba ɗaya. Abin da ya fi ba ni tsoro yanzu shi ne duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi, tana iya ɗaukar ƙarin tururi kusan kashi 7 cikin 100. Ta fi saurin busar da gona, in ta tashi zubarwa kuma ta zubar kamar da bakin ƙwarya.

Malamin Jogarafi: Tekun ba ya hannunmu, gatarin yana hannunmu. A nan zan tsaya.

Baba Mai Shinkafa: Ambaliyar 2020 ta ci mini shinkahwa tana gab da yanka, ko buhu ban ɗauka ba. Kuma ruwan da yac ci ta ba bisa kanmu yaz zuba ba, gulbi yak kawo shi. Wanga batu na ruwa da yawa lokaci guda na gan shi da idona. Ɗan Jega, ku dai kada ku yi gaugawar shuka kan ruwan jiya. A tona da hannu a gani, in danshin bai kai tsawon hannu zuwa wuyansa ba, iri ka ruɓewa ko shi tsiro rana ta ƙone shi.

Injiniya: Ƙanen naka zai iya aunawa ma. Ya samu gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya, ya kafa a fili nesa da bango da itace, bayan ruwa ya sa rula. Milimita ɗaya daidai take da lita ɗaya a kan kowane fili mai mita ɗaya tsawo da faɗi. Milimita 20 a hekta ɗaya lita 200,000 ke nan. Ya riƙa rubutawa da kwanan wata, ya kuma tona ƙasa irin yadda Baba ya ce ya rubuta zurfin danshin kusa da shi.

Ɗan Jega: Na karanta masa duka. Ya riga ya wanke gwangwanin madara ya ɗora a kan turmi a tsakar gida. Yana tambaya ko bakan gizo da gaske yana shanye ruwa, na ce ya bari sai gobe.

Masunci daga Yauri: Wani ɗan'uwana direba ya kira yanzu daga Gummi, ya ce iska ta taso musu, gabas duk walƙiya.

Baba Mai Shinkafa: Gummi? To bari in kira yara mu ɗauko tamfol, buhu goma sha biyu na waje ba a ɗinke ba. Sai da sahe.